Gidan Mai Bishara a Bakin Magudana

Ya kai mai karatu, wataƙila daga bakin wani baƙo ka fara jin bisharar Yesu Almasihu, baƙon da ya bar garin iyayensa ya zo ya zauna kusa da ku, shi da matarsa da 'ya'yansa. Wataƙila kuwa ka ce a ranka, "Me ya kawo mutumin nan? Ta ƙaƙa zan sani ko abin da ya ke faɗi gaskiya ne?" Tambayan nan ba ta da laifi. Wanda za ya jingina ransa ga wata magana, har ya ɗauki ɓacin ran danginsa sabili da ita, ya wajaba ya bincika maganar, ya duba kuma wanda ya kawo ta. Domin wannan muka rubuta maka 'yar takardan nan, mu ba ka ma'aunin da za ka auna gidan mai bishara, bayan haka kuma ka auna naka.

Ruwan Tiga

Bari mu fara da abin da ka sani. Tsofaffin Kura da Bunkure suna tune da zamanin da in damina ta ɗauke, sai mai fadama kaɗai ke ganin ɗanyen ganye, shi ma da jigo ya ke ɗibar ruwa guga guga, samari kuwa su watse cin rani. A zamanin Gwamna Audu Bako aka datse kogin Kano a Tiga, aka gama aikin cikin 1974. Aka haƙa babbar magudana, wadda manoma ke ce wa kanal, ta kawo ruwa Kadawa da ƙasar Bunkure da Garun Malam da Kura. Daga babbar ƙanana suka fita, daga cikinsu kuma waɗansu suka rabu, har ruwa ya iso bakin kwamin talaka. Kura da aka sani da rini, wadda Buzaye ke neman baƙin turkuɗinta, ta zama ƙasar shinkafa da alkama da tumatir.

To, kowane manomin rani ya san abu uku game da magudana. Na fari, ba ita ta haifi ruwan ba, kawo shi ta yi. Na biyu, ruwa gangare ya ke bi, ba ya hawa tudu. Na uku, in laka da kacala sun toshe ta, ko da Tiga tana cike maƙil, shukar mai gonar ƙarshe sai ta yi yaushi. Ka riƙe ukun nan, gama haka gidan mai bishara ya ke. Allah shi ne mafarin ruwan rai. Gidan nan kuwa hanya ce kurum wadda ruwan ke bi zuwa wurinka.

Waɗanda suka riga mu

Barin gida sabili da bishara tsohon abu ne. A cikin Ayyukan Manzanni, sura 18, an ba mu labarin Akila da matarsa Biriskilla, Yahudawa waɗanda Sarki Kalaudiyas ya kora daga Roma tare da 'yan'uwansu. Suka sauka Korinti suna sana'arsu ta ɗinkin alfarwa. Bulus ya zauna wurinsu da shi ke sana'arsu ɗaya ce. Daga baya suka ƙaura zuwa Afisa, can kuwa suka ji Afolos yana wa'azi da saninsa bai cika ba. Ba su kunyata shi a gaban jama'a ba, suka jawo shi gefe suka ƙara fahimtar da shi. Ba a rubuta mana wa'azinsu ko guda ba. Abin da aka rubuta shi ne aikin hannunsu, da saukar baƙi, da taron masu bi a ɗakinsu.

Haka kuma a ƙasarmu. Cikin 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko da nufin kawo bishara ƙasar Sudan, watau ƙasashenmu na arewa. Kafin 1894 ta ƙare biyu sun rasu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Bingham kaɗai ya koma, daga gare shi kuwa mishan ta SIM ta kafu. Likita Miller na mishan ta CMS ya yi shekaru da yawa a Zariya yana fama da fassara, har aka buga Littafi Mai Tsarki duka da Hausa cikin 1932. Aka buɗe asibitin ido na mishan a Kano cikin 1943. Waɗanda suka zo da iyali sukan rabu da 'ya'yansu tun suna ƙanana, su aika da su makaranta a Miango, ƙasar Filato. A maƙabartar mishan ta can akwai kaburburan yara.

Tun kafin a kafa ikkilisiyar ECWA cikin 1954, masu bi na ƙasan nan suka fara aika da nasu mutane. Yau galibin masu bishara da za ka tarar a ƙauyukan Kano 'yan ƙasa ne, daga Filato, ko kudancin Kaduna, ko Tangale, ko kuwa daga cikin Maguzawa. Ba su ƙetare teku ba, amma su ma baƙi ne, tuwon garin ba irin nasu ba ne, kabarin uwarsu kuwa yana nesa.

Yinin gidan

Bari mu ɗauki misalin irin gidan nan. Da asuba maigida yakan tara iyalinsa su yi addu'a, su karanta 'yan ayoyi. Sa'an nan ya ɗauki fartanya ya nufi 'yar gonar da ya karɓa aro, gama abin da ikkilisiya ke aiko masa ba ya kai su wata. Uwargida ta ɗebo ruwa, ta share tsakar gida, ta shirya yara. In an haihu a maƙwabta ta tafi barka, in an yi rasuwa ta tafi gaisuwa ta zauna a tabarma tare da mata. Da yamma ta koya wa 'yan mata biyu uku karatu a gindin darbejiya. Ruwan da ke raya shinkafa shi ke raya sauro, domin haka zazzaɓi ba ya ƙetare gidansu ya faɗa na wani. Yaransu ma in sun yi wanka a kanal, tsargiya ba ta tambayar addinin ubansu.

Wa'azin ran Lahadi sa'a guda ne. Sauran kwana shida fa? Su ne wa'azin da dukan gari ke ji, har waɗanda ba su taɓa taka ƙofar majami'a ba. Suna duban yadda ya ke magana da matarsa, ko yana biyan bashin mai shago, ko mudunsa cikakke ne. Gani ya kori ji.

Ga shi kuwa an ba shi gona a ƙarshen magudana, gama rabon baƙo ke nan. Ran da ruwa ya zama nasa, sai ya iske wani na sama da shi ya toshe hanya da dare ya juya ruwan gonarsa, dashen tumatirinsa kuwa ya sunkuya. A cikin dashen nan kuɗin makarantar 'ya'yansa ya ke. Me za ya yi? Yana iya yin cacar baki a bakin kanal jama'a su taru. Yana iya komawa da dare shi ma ya saci na wani. In ya yi ɗaya daga cikin biyun nan, ya rushe da hannunsa abin da ya gina da bakinsa. Sai ya sami maƙwabcin shi kaɗai, ya gaishe shi, ya ce, "Malam, sannu da aiki. Jiya ruwa bai iso wurina ba, dashena yana mutuwa. Ka taimake ni." In ya ji, shi ke nan. In bai ji ba, ya kai magana gaban dattawan da ke lura da rabon ruwa, ya faɗi gaskiya ba ƙari, gama haƙuri bai hana neman hakki ba. Ran da ɗan maƙwabcin nan ya kwanta ciwo, uban yana asibiti, ruwa ya zo ba mai buɗe masa, sai mai bishara ya shiga gonar ya shayar masa da ita kwami kwami. Wataƙila a gode masa, wataƙila a ƙi. Ko ta ƙaƙa, ruwan Almasihu ya bi ta magudanan nan ran nan.

Ka lura kuma da wannan. Sa'ad da Ubangijinmu ya zauna a bakin rijiya a ƙasar Samariya, yana baƙo, gajiyayye, shi ya fara roƙon macen nan ruwan sha, kamar yadda Yohanna ya ba da labari a sura 4. Gidan da ke bayarwa kullum, amma ba ya cin tuwon maƙwabta, ba ya aron turmi, ba ya tambayar tsoho lokacin dashe, gidan nan ya hau tudu. Mun riga mun ce ruwa ba ya hawa tudu.

Kuskure biyu

Yanzu sai mu gargaɗe ka a kan ramuka biyu da sababbin masu bi kan faɗa ciki.

Na fari shi ne ka ɗauki magudana a matsayin ruwa. Akwai mai bin mai bishara domin magani, ko gurbin makaranta, ko buhun taki, ko kuwa don ƙaunar mutumin kansa. Ka tambayi zuciyarka tsakaninka da Allah: in aka ɗauke gidan nan gobe aka kai su wani gari, me za ya rage maka? Baƙo raɓa ne. Mutanen Korinti sun rarrabu, waɗansu suna alfahari da Bulus, waɗansu da Afolos. Bulus ya tsauta musu a wasiƙarsa ta fari, sura 3, ya kwatanta kansa da mai shuka, Afolos da mai ban ruwa, ya nuna musu girman shuka daga wurin Allah ne kaɗai. Ka girmama malaminka, amma ka kafa ranka a kan Almasihu wanda ya mutu dominka ya tashi.

Na biyu shi ne ka ƙi ruwan domin ka ga laka a magudana. Za ka ce, "Na ga mai bishara mai fushi, na ga mai son kuɗi, na ga wanda ya raina mu." Ba mu musa maka ba. Akwai Turawan mishan da suka kewaye kansu da shinge suka raina al'adun da ba su gane ba, akwai kuma 'yan ƙasa da suka mai da aikin hanyar cin abinci. Wannan zunubi ne, za su kuwa ba da lissafi. Amma wane manomi ne ya taɓa barin gonarsa ta ƙone don ya ga kacala a kanal? Gayya a ke yi a yashe ta. Ga alamar da za ka nema: ba gidan da ba a saɓawa, zo mu zauna zo mu saɓa ne, sai ka duba ko maigidan nan ya iya cewa, "Na yi laifi, ki gafarce ni," ko "Baba, na yi kuskure." Gidan da a ke tuba a cikinsa, magudana ce da a ke yashewa.

Kai fa?

Ɗan'uwa, da kai 'yar'uwa, ran da ka ba da gaskiya, kai ma ka zama kamar baƙo a garin da aka yanke cibiyarka. Za a zuba maka ido fiye da yadda a ke zuba wa mai bishara, gama an san ka tun kana yaro. Babbar magudana ba ta shiga kowace gona, ƙanana ke kai ruwa ciki. Akwai zaure da tsakar gida waɗanda mai bishara ba za ya taɓa shiga ba, kai kuwa a ciki ka ke kwana.

Domin haka ka ƙara ladabi ga iyayenka fiye da dā, ko sun juya maka baya. Kada ka zagi addinin kowa, Musulmi ko mai bin al'adar kakanni. In an tambaye ka dalilin begenka ka amsa da tawali'u, in ba a tambaye ka ba halinka ya amsa. In za ka kai tumatir Kwanar Gafan, kada ka jera masu kyau a bakin kwando ruɓaɓɓu a ƙasa. Kada ka taɓa ruwan da ba naka ba, ko ba mai gani. Ran yashe kanal ka riga kowa fita. Kada kuma ka bar gidan mai bishara su zauna su kaɗai da kewar gida: ka gaishe su, ka kai musu ɗan abin da gonarka ta bayar, ka faɗa musu gaskiya in sun yi kuskure cikin al'adun gari.

Ba mu yi maka alkawarin za a yabe ka ba. Mai yiwuwa ne a hana ka gona, ko a janye maganar aure, ko a daina cin abinci tare da kai. Ubangiji ya san wannan, gama shi ma danginsa ba su gane shi da fari ba. Ka yi haƙuri, ka bar magudanarka a buɗe, girman shuka na Allah ne.

In ka yarda, ka yi addu'an nan tare da mu:

Ya Allah Ubanmu, mafarin ruwan rai, mun gode maka domin bayinka da suka bar gidajensu suka zo wurinmu. Ka kiyaye su da 'ya'yansu. Ka kawar da girman kai da fushi da ha'inci daga zuciyata, domin alherinka ya bi ta gidana ya kai ga maƙwabcina na ƙarshe. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.