Taɓin Hankalin Yara Jarrabawa Ne, Neman Maganinsa Wajibi Ne

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya girmama ɗan Adam da hankali. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, malaman usulu sun lissafa abubuwa biyar waɗanda shari'a ta zo domin tsare su, watau addini da rai da hankali da zuriya da dukiya. Wanda ya duba da kyau zai ga yaron da hankalinsa ya taɓu, biyu daga cikin biyar ɗin nan sun haɗu a kansa, domin shi zuriya ne, abin da ya sami rauni kuwa hankali ne. Amma duk da haka, a garuruwa da ƙauyukan Karaye da Rogo, kamar sauran ƙasar Hausa, idan zazzaɓi ya kama yaro nan da nan a kan goya shi zuwa ɗakin shan magani, idan kuwa halinsa ne ya sauya, sai a ce iska ce, ko sammu, ko iskanci, a shekara ana jiƙe-jiƙe ba a je ga likita ba.

Lalle Musulmi ya yi imani da aljannu da sihiri da kambun baka, kuma ruƙiyya da ayoyin Alƙur'ani halal ce. Sai dai ba kowane ciwo ne aikin aljani ba. Ƙwaƙwalwa tsoka ce daga tsokokin jiki, tana ciwo kamar yadda hanta da huhu ke yi. Zazzaɓin cizon sauro mai hawa ka, da sanƙarau irin wanda ya addabi Kano a 1996, da doguwar naƙuda, duk suna iya barin tabo a ƙwaƙwalwar yaro. Haka nan maraici da rabuwar iyaye da duka mai tsanani suna raunana zuciyarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya daga cikin kowane yara 7 masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da irin wannan ciwo, kuma rabin ciwon da a kan gani a jikin manya ya fara ne kafin shekara 14.

Baƙin ciki ba alamar raunin imani ba ne. Suratu Yusuf ta ba da labarin Annabi Yakubu, aminci ya tabbata a gare shi, wanda kewar ɗansa ta kai har idanunsa suka yi fari, Allah kuwa bai zarge shi ba. Anas ɗan Maliku yana da ƙane ƙarami, Abu Umairu, wanda ɗan tsuntsunsa ya mutu. Da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya gan shi cikin damuwa, sai ya tsaya ya tambaye shi labarin tsuntsun, ya lallashe shi. Idan shugaban halitta bai raina damuwar yaro a kan tsuntsu ba, ina dalilin uban da zai ce wa ɗansa me ya sani na duniya har zai yi tunani?

Magabata na ƙwarai sun fahimci wannan. Abu Zaidin Balkhi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, ya wallafa littafi a kan gyaran jiki da gyaran rai, ya bambanta baƙin cikin da ke da sanadi bayyananne da wanda ke sauka ba gaira ba dalili, ya ce na biyun yana bukatar magani irin na jiki. Asibitin Mansuri da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da sashe na masu taɓin hankali. Ashe kai irin wannan majinyaci ga likita gadon Musulmi ne.

To, wace alama ce ya kamata iyaye su lura da ita? Yarinyar da ta bar cin abinci da wasa, ta ƙaurace wa ƙawayenta, tana kuka ba sanadi har sati biyu ko fiye. Yaron da ya wuce sa'o'insa bai yi magana ba, ko allonsa ya ƙi wankuwa duk da ƙoƙarin malami. Saurayin da ke jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, ko ya daina barci, ko ya faɗa shan ƙwaya da maganin tari mai kodin, wanda Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da shi a 2018. Mafi haɗari shi ne wanda ya ce ya gaji da duniya. Wannan magana ba a yi mata dariya, ba a amsa ta da tsawa. A zauna da shi, kada a bar shi shi kaɗai, a kulle maganin feshin gona da ke ajiye a zaure ko rumbu, a kai shi asibiti a ranar.

Farfaɗiya ma ta cancanci bayani. Ibnu Abbas ya nuna wa Aɗa'u wata mace mai farfaɗiya wadda Annabi ya yi wa albishir da Aljanna saboda haƙurinta, ya kuma yi mata addu'a kada tsiraicinta ya riƙa bayyana. Ba a kore ta ba, ba a ƙyamace ta ba. Ciwon ba ya yaɗuwa ta yawu ko taɓawa. Idan yaro ya faɗi, a kawar da wuta da abu mai kaifi, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu sai ya farfaɗo sarai. Idan jijjigar ta wuce minti 5, sai asibiti. Kusan 7 cikin 10 na masu wannan ciwo suna daina faɗuwa idan sun dawwama a kan magani. Mazauna bakin madatsar ruwan Challawa kada su bar irin wannan yaro ya tafi su ko wanka shi kaɗai.

Ba sai an fara da birni ba. Tun 1991 manufar Nijeriya ta sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan ƙananan asibitoci, a 2008 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin koya wa malaman asibiti na karkara gane waɗannan cututtuka. Malamin asibiti zai saurari yaro da iyayensa, ya duba ko akwai zazzaɓi ko ƙarancin jini ko raunin ji, ya ba da shawara, domin a wajen yara nasiha da gyaran zaman gida da na makaranta su ne kan gaba, ƙwaya tana biyowa baya. Abin da ya fi ƙarfinsa sai ya tura babban asibiti, daga nan zuwa Dawanau ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Wajibi ne a kansa ya riƙe sirrin majinyaci, domin amana ce. Wajibi ne kuma a kan ƙananan hukumomin Karaye da Rogo su horar da ma'aikata, su samar da magani, domin kowane shugaba abin tambaya ne a kan abin da aka ba shi kiwo.

Saura maganar mari da bulala. A 2019 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu yara, wasu da sarƙa a ƙafa. A 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma tsare haƙƙin majinyata. Tun kafin wannan, shari'a ta ɗauke alƙalami daga kan yaro har ya balaga, da wanda hankalinsa ya gushe har ya warke. Wanda Allah bai kama da laifi ba sau biyu, da wace hujja mutum zai ɗaure shi?

Limamai da malaman tsangaya da masu unguwanni su ne a kan fara kai wa kuka. Wanda aka kawo wa yaro, ya yi masa addu'a, sa'an nan ya ce a wuce asibiti, domin Annabi ya umarci bayin Allah da neman magani, ya kuma hori mai raƙumi ya ɗaure shi tukuna sa'an nan ya yi tawakkali.

Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya ba iyayensu haƙuri da lada, Ya shiryi zuriyar Musulmi baki ɗaya, amin.