"Wasa Nake Yi": Dariyar da ke Gina Aure da Wadda ke Rushe Shi

Karatu: Farawa 26:6-11

Yau ina so mu yi tunani a kan wani abu da yawancinmu ba mu ɗauke shi a bakin kome ba, wato wasa da dariya tsakanin miji da mata. Idan aka tambaye ka abin da ke kashe aure, za ka ambaci zina, ko duka, ko talauci, ko sa bakin dangi. Da wuya ka ambaci wasa. Amma akwai gidajen da ba a taɓa ɗaga wa juna hannu ba, ba a taɓa kwana da yunwa ba, duk da haka ƙauna ta mutu a cikinsu, kuma abin da ya kashe ta kalmomi ne da aka faɗa ana dariya. Ga tambayarmu: idan mutum ya faɗi maganar da ta ƙona zuciyar matarsa, sa'an nan ya ce wasa yake yi, laifinsa ya tafi ke nan?

Allah ba ya gaba da dariya

Kada wani ya zaci Kirista na kirki shi ne mai ɗaure fuska kullum. Ibrahim yana da shekara 100, Saratu kuma 90, sa'ad da Allah ya ba su ɗa. Dukansu biyu sun yi dariya da suka ji alkawarin, kuma Allah da kansa ya ce a raɗa wa yaron suna Ishaku, sunan da ma'anarsa ita ce dariya.

Dubi karatunmu na yau. Ishaku ya zauna a Gerar, saboda tsoro kuma ya gaya wa mutanen garin cewa Rifkatu ƴar'uwarsa ce. Ƙaryar ta daɗe tana tafiya. Ran nan Abimelek, sarkin Filistiyawa, ya leƙa ta taga, ya ga Ishaku yana wasa da Rifkatu, nan take ya gane matarsa ce. Ba wanda ya tsegunta masa. Irin wasan da ya gani shi ya tona asirin, gama wasa ne na shaƙuwa wanda mutum ba ya yi da ƴar'uwarsa. A harshen Ibrananci ma, kalmar da aka yi amfani da ita a wurin tushenta ɗaya da sunan Ishaku.

To, in maƙwabcinka ya leƙo ta kan katanga ya ga yadda kake wasa da matarka, me zai gane? Zai ce lallai waɗannan masoya ne, ko kuwa zai ji tausayin ɗayanku?

Wasa iri huɗu

A shekarar 2003 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Rod Martin, na Jami'ar Western Ontario a ƙasar Kanada, shi da abokan aikinsa, suka tsara tambayoyi 32 don auna yadda mutane suke amfani da raha. Suka raba ta kashi huɗu, kuma in ka duba da kyau za ka same su duka a unguwarku.

Na fari shi ne wasan da ke jawo mutane kusa da juna. Miya ta yi gishiri, maigida ya ɗanɗana ya ce, "Yau dai mai gishiri ya yi ciniki a gidanmu," ya ci gaba da cin tuwonsa yana murmushi, ita ma ta yi dariya, magana ta wuce. Na biyu shi ne rahar da mutum ke ƙarfafa zuciyarsa da ita cikin wahala. Ruwan sama ya zubo cikin ɗaki da tsakar dare, miji da mata suna tara kwanoni, ɗayansu ya ce, "Gobe mun huta da zuwa famfo." Rufin bai gyaru ba, amma nauyin daren ya ragu.

Na uku shi ne wasan da ke sara: ba'a, gatse, habaici, kwaikwayon muryar mutum ko tafiyarsa don a yi masa dariya. Na huɗu kuwa shi ne mutum ya mai da kansa abin dariya fiye da kima don a karɓe shi, ko ya riƙa taya masu yi masa ba'a dariya alhali zuciyarsa tana kuka.

A shekarar 2017 Jeffrey Hall na Jami'ar Kansas a Amurka ya tattara bincike 39 da aka yi a kan mutane fiye da 15,000, don ya ga yadda raha take shafar jin daɗin zama tsakanin masoya da ma'aurata. Abin da ya samu shi ne, iya ba da dariya shi kaɗai bai cika ƙara daɗin zama ba. Abin da ya fi tasiri shi ne dariyar da mutum biyun suke yi tare, abin da su biyu suke gani ya ba su dariya. Wasan da ake yi a kan abokin zama don a ƙasƙantar da shi kuwa yana tafiya ne tare da rashin jin daɗin zaman. Saboda haka mutum yana iya zama gwanin barkwanci a majalisa, kowa yana riƙe ciki in ya buɗe baki, amma matarsa tana fargabar ranar da baƙi za su zo, domin ta san ita ce za a yi hira da ita.

John Gottman na Jami'ar Washington ya yi shekaru da yawa yana nazarin yadda ma'aurata suke gardama. Cikin halayen da ya ga suna kai aure ga mutuwa, wanda ya fi kowanne muni shi ne raini, kuma raini yakan fito ne ta hanyar gatse da ba'a da yatsina fuska. Shi dai wannan mutum ya lura cewa wasa mai taushi a tsakiyar gardama yakan kwantar da zuciya ya buɗe hanyar sulhu. Wuƙa ɗaya ce, da ita ake yanka nama a ci, da ita kuma ake ji wa mutum rauni.

Amma ai mun gaji wasa

Wani zai ce, "Fasto, wannan zancen Turawa ne. Mu mun gaji wasa. Taubasai suna zagin juna, kaka da jika suna tsokanar juna, Bafulatani da Babarbare in sun haɗu a kasuwa ba mai raga wa wani, ba kuwa mai fushi." Gaskiya ne, kuma al'ada ce mai kyau wadda ta kashe wutar faɗa da yawa. A shekarar 2014 ma hukumar UNESCO ta sa wannan wasa na ƙasar Nijar cikin jerin al'adun gado na duniya.

Sai dai ka lura, wasan taubasai yana da ƙa'ida. Kowa yana da ikon ramawa. Abin da ake faɗa kowa ya san ba da gaske ba ne, in Babarbare ya kira Bafulatani bawansa ba wanda ya kwana yana tunanin maganar. Kuma in an gama kowa ya kama hanyarsa.

A cikin aure abin ya bambanta. Kai ka san inda matarka take da rauni na gaske, domin ita da kanta ta buɗe maka zuciyarta. Ke ma kin san abin da mijinki yake ɓoye wa duniya. Idan aka ɗauki wannan asiri aka yi wasa da shi a gaban mutane, an ci amana, ko da kowa ya yi dariya. Sa'an nan a yawancin gidajenmu mace ba ta iya rama wa mijinta a gaban baƙi ko surukai saboda kunya da ladabi. Za ta yi murmushin dole ta shige ɗaki. Wasan da mutum ɗaya kaɗai ke da izinin yi ya zama zalunci. Kuma ba ta da wata hanyar da za ta kama, a ɗaki ɗaya za ku kwana da ita da maganar.

Wa ke da ikon cewa wasa ne?

Karin Magana 26:18-19 ya kwatanta mutumin da ya cuci maƙwabcinsa sa'an nan ya fake da cewa wasa ne da mahaukaci mai harba kibau masu wuta. Ka yi tunani a kan wannan misali. Mahaukacin ba lallai ne yana da niyyar kisa ba, amma rashin niyyarsa bai hana kibiyar shiga jiki ba. Haka mai wasa yakan dubi niyyarsa ya ce ba shi da laifi, wanda aka yi wa kuwa yana duban rauninsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan abokin zamanka ya ce maganar ta yi masa zafi, ba kai za ka yanke hukunci cewa ba ta yi ba.

Akwai kuma lokacin da niyyar ma ba ta da tsabta. Mutum yana da ƙorafi a zuciya, yana jin tsoron faɗarsa fili, sai ya naɗe shi cikin wasa. In an yi shiru ya isar da saƙonsa, in an yi fushi ya ce, "Haba, ba ki san wasa ba?" Ta haka ya sari mutum sau biyu, ya ji masa ciwo sa'an nan ya ɗora masa laifin jin ciwon. Ƴan'uwa mata, habaici ma haka yake. Ana yi wa yaro magana ko ana rera waƙa wajen daka, alhali da maigida ake. Wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Afisawa 4:25 ya umarce mu mu bar ƙarya mu faɗa wa juna gaskiya. In kina da magana, ki nemi lokacin da kuke ku biyu ki faɗe ta.

Ka tuna da Mikal da Dawuda a 2 Sama'ila sura 6. Ran da aka shigo da akwatin alkawari Urushalima, Dawuda ya yi rawa da dukan ƙarfinsa a gaban Ubangiji. Mikal ta hango shi ta taga ta raina shi a zuciyarta. Da ya komo don ya sa wa gidansa albarka, ta tarye shi da gatse, tana yabon darajar sarki da baki alhali tana nufin ya zubar da mutuncinsa. Shi kuma ya mayar mata da tuna mata cewa Allah ya zaɓe shi ya bar mahaifinta Saul. Kowannensu ya san inda zai soki ɗan'uwansa, ya kuwa soka. Wannan mace ita ce wadda ta taɓa ƙaunar Dawuda har ta zurara shi ta taga don ya tsere wa kisa. Dubi inda raini ya kai su.

Wannan bai ba mu izinin zama masu saurin fushi ba. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Wani lokaci magana takan kuɓuce ba da nufi ba, ƙauna kuwa tana da haƙuri, ba ta ajiye lissafin laifi. Abin da ake dubawa shi ne abin da ya biyo baya. Wanda yake wasa da gaske, da ya ga fuskar matarsa ta canza, dariyarsa takan tsaya. Wanda ya ci gaba bayan an gaya masa yana da zafi, ya nuna abin da ke zuciyarsa.

Wasan gudun magana

Akwai wani iri kuma wanda ba zagi a cikinsa amma yana cin aure a hankali. Mata ta zo da maganar kuɗin makarantar yara ko ciwon da ke damunta, miji ya mai da zancen wasa. Ta sake zuwa, ya sake ba ta dariya. Mutane suna cewa ta yi dace da miji mai fara'a, ita kuwa ta san ba ta da wanda za ta kai wa kukanta. Mai Hadishi sura 3 ya koya mana cewa kuka da dariya kowanne da lokacinsa, Romawa 12:15 kuma ya ce mu taya masu kuka kuka. In za ka yi wa ɗan'uwa a ikilisiya haka, balle matar da kuka zama jiki ɗaya.

Kai kuma ko ke da kika saba mai da kanki abin dariya, kina cewa ke ba ki iya kome ba don a bar ki lafiya, ki sani an halicce ki cikin kamannin Allah. Tawali'u dabam ne da wulakanta kai. Yaranki suna ji, kuma daga bakinku suke koyon yadda ake magana da miji ko mata.

Abin yi

Akwai wuraren da bai kamata wasa ya taka ba ko kaɗan: siffar jikin abokin zamanka, rashin haihuwa ko haihuwar ƴaƴa mata kaɗai, talaucin iyayensa, ƙarancin karatunsa, rashin aikinsa, da zunubin da ya riga ya tuba ya gaya maka cikin amana. Kada kuma ka yi barazanar saki ko ƙarin aure da sunan wasa. Magana zarar bunu ce.

A cikin makon nan ka samu lokaci ka tambayi matarka, ke ma ki tambayi maigidanki: "Akwai wasan da nake yi wanda ba ka so?" In an ba ka amsa kada ka kāre kanka. Ka nemi gafara ba tare da ka ƙara "amma" ba, ka kuma daina. Bayan haka ku nemi abin da zai ba ku dariya tare. Ku tuna kwanakin neman aure, da abin da ya faru ranar biki, da maganganun yara. Gidan da miji da mata suke da wata kalma wadda in ɗaya ya faɗa su biyu kaɗai suke gane ta su yi dariya, wannan gida yana da arziki. Karin Magana 17:22 ya kira zuciya mai murna magani. Bari matarka ta sha wannan magani daga hannunka, mijinki kuma daga naki.

Addu'a: Ya Uba na sama, mun gode maka domin kyautar aure da kyautar dariya. Ka gafarta mana inda muka soki juna da harshe muka kira shi wasa. Ka warkar da zukatan da ba'a ta raunana. Ka tsare bakinmu, ka cika gidajenmu da murnar da ke girmama ka. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.