Cizaki Da Hukuncin Son Zuciya

A ƙasar Ostareliya, cikin busassun dazuzzukan jihar Kwinsland, akwai wani ɗan itace mai ƙaya wanda masana tsirrai ke kira Carissa spinarum. Shi ne kuma ke fitowa a dajin ƙasar Hausa da sunan cizaki. Furensa fari ne mai ƙanshi. 'Ya'yansa ɗanyu suna da dafi, amma in sun nuna sai su yi baƙi, su yi zaƙi.

Mutanen asali na ƙasar, waɗanda suka zaune ta fiye da shekara 50,000, sun san lokacin nunarsa, suna cin 'ya'yansa. Ƙananan tsuntsaye ma suna fakewa cikin ƙayarsa. Amma daga 1788 Turawan Ingila suka fara zama a ƙasar da dabbobinsu. Masu kiwon shanu suka ga yana yaɗuwa yana cinye wurin ciyawa, sai suka sa shi cikin jerin miyagun tsirrai, suka shiga tumɓuke shi.

To, wa ke da gaskiya? Makiyayi bai yi ƙarya ba, gama hasararsa a fili take, kuma ba laifi mutum ya kare abin da yake ci da iyalinsa. Inda kuskure yake shi ne ya ɗauka cewa abin da bai amfane shi ba, ba ya amfanar kowa. Nan ne son zuciya ke ɗaura rawanin alƙali, ya zama shi ne mai ƙara, shi ne mai yanke hukunci.

Wannan ido bai tsaya kan itace ba. Da shi aka dubi ƙasar kanta, aka ce ba ta da mai ita, don ba a ga shinge ko garma ba. Sai a ranar 3 ga Yuni, 1992, Babbar Kotun Ostareliya ta rushe wannan da'awa a shari'ar Eddie Mabo, bayan shi kansa ya riga ya rasu.

Saboda haka ya kamata mai hankali, kafin ya kira abu ko mutum banza, ya fara tambaya: wa ke rayuwa da shi? In bai nemi amsa ba, to, ƙayar kurum ya gani, ya yanke hukunci cikin duhu. Masu iya magana kuwa sun ce rashin sani ya fi dare duhu.