Ko Ana Koyon Tausayi a Ɗakin Bita?

Da aka janye yajin aikin malaman jami'o'i a watan Oktoba na 2022, bayan wata takwas muna zaune a gida, mu biyu muka hau mota ɗaya a tashar Gaya, ni da abokina, ɗan wani ƙauye a ƙasar Ajingi. Jami'armu ba a jihar Kano take ba, kuma ba zan ambaci sunanta ba. A cikin watannin nan takwas mahaifinsa ya rasu, ya bar masa gona da uwa da ƙanne biyar. Bai faɗa wa kowa a makaranta ba, ni ma sai a mota na ji.

Mako uku da komawarmu ya fara fashin lacca. Yakan wuni a kwance, fuskarsa na kallon bango, da dare kuma barci ya ƙaurace masa. Da na matsa masa, sai ya tafi wurin malamin da ke kula da ajinmu, wanda muke kira kodineta. Ya bi layi har ya shiga, ya ce, "Ranka ya daɗe, ina da matsala." Malamin bai ɗago kai daga takardun da ke gabansa ba, ya ce kowa ma yana da matsala, in akwai magana a rubuto. Abokina ya fito, bai rubuta ba, bai kuma sake komawa ba.

Wanda ya lura da halinsa wani dattijo ne mai gadin ɗakunan kwananmu. Wata safiya ya tare shi ya ce, "Ɗana, kwana biyu ba na ganin ka fita da littafi. Lafiya?" Ya zaunar da shi a benci, ya raba kununsa biyu, ya saurare shi har rana ta ɗaga, ya yi masa nasiha da addu'a. Abin da Baba mai gadi bai sani ba shi ne, dokar jami'a ta yarda ɗalibi ya nemi jingine karatu in ya shiga irin wannan hali, ya dawo ba tare da an rubuta masa faɗuwa ba. Malamin da ya san wannan doka bai dubi fuskar yaron ba. Abokina ya zauna jarrabawa, kariyoba ta taru masa, daga baya ya tattara kayansa.

Tun daga lokacin tambaya ɗaya take cina: wa ke da alhakin wannan rashi, kuma ko akwai horon da zai iya hana aukuwarsa?

Masu cewa babu suna da hujja mai nauyi, domin Bahaushe ya riga ya yanke hukunci cewa hali zanen dutse ne. Wanda zuciyarsa ta bushe, in an tara shi a otal kwana uku, aka ba shi jaka da takardar shaida da kuɗin zama, zai koma ofis da busasshiyar zuciyarsa, sai dai ya ƙaru da sababbin kalmomi. Duk wanda ya san yadda ake yawancin tarukan bita a ƙasar nan ba zai yi saurin ƙaryata wannan ba. Akwai ma abin da ya fi haka muni: tausayin da aka haddace, a yi maka murmushi saboda littafin horo ya ce a yi. Ɗalibi ba yaro ba ne, yana gane murmushin aro tun daga bakin ƙofa.

Na yarda da rabin wannan magana. Ba a dasa wa mutum zuciya a taron bita. Sai dai da na sake duba abin da ya faru, na ga ba ƙarancin zuciya ne ya kayar da abokina ba. Baba mai gadi yana da ita har da ragi. Shi ma malamin, da na san shi daga baya, ba mugu ba ne: mutum ne da aka riƙe wa albashin watannin yajin aiki, yana ɗauke da ɗaruruwan takardun jarrabawa, an kuma ɗora masa kodineta ba tare da an taɓa zaunar da shi an ce ga abin da aikin ya ƙunsa ba. Abin da ya ɓace a tsakaninsu sani ne, kuma sani ana koyar da shi. Ana iya koya wa mutum cewa ɗalibin da ya saba zama a gaba, ya koma baya, sannan ya ɓace, yana faɗin wani abu ne ko da bai buɗe baki ba. Ana iya koya masa cewa yaron da ya taso a Ajingi, inda aka hore shi da kunya da haɗiye damuwa, in har ya iya furta "ina da matsala" a gaban babba, to ya riga ya kashe duk ƙarfin halin da yake da shi, ba zai iya maimaitawa a rubuce ba. Mukan ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma karanta fuska ma sana'a ce.

Mu mutanen Gaya bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Tarihin baka ya ce maƙeran Gaya ne, Abagayawa, suka je Dala neman tama tun farkon kafuwar Kano. Ba a taɓa jin maƙerin da ya ce tunda ɗansa yana da ƙarfin damtse, ba sai an nuna masa lokacin da ƙarfe ya nuna ba. Ƙarfi baiwa ce, sanin launin wuta kuwa sai an zauna a gindin zugazugi.

Akwai misali daga nesa da ya ƙarfafa mini wannan ra'ayi. A Harare, babban birnin Zimbabuwe, wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Dixon Chibanda ya ga likitoci irinsa ba za su taɓa isar jama'a ba. Sai ya horar da tsofaffin mata, kakanni, su zauna a benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraron masu ciwon damuwa, wanda a harshen Shona ake kira kufungisisa, wato yawan tunani, kamar dai yadda mu ma muke cewa tunani ya yi wa wane yawa. Tausayi dama suna da shi. Abin da aka ƙara musu shi ne yadda za su yi tambaya ba tare da yanke hukunci ba, yadda za su taimaki mutum ya zaɓi matsala ɗaya ya tunkare ta, da alamomin da in sun gani dole su miƙa shi ga likita. Gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna a bencin sun samu sauƙi fiye da waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. Da na karanta labarin, bencin Baba mai gadi ne ya faɗo mini a rai.

To, ina jami'o'inmu suke a wannan? Asusun TETFund, da dokar 2011 ta kafa, yana ɗaukar nauyin malamai su yi digiri na biyu da na uku, su halarci tarukan ilimi. Aiki ne mai kyau, amma kusan dukkansa ya karkata ga abin da malami zai koyar da abin da zai bincika. Mutumin da ake koyar wa ba shi da kaso mai yawa a ciki. Ma'aikatan da ɗalibi ya fi cin karo da su kuwa, wato masu gadi, masu kula da ɗakunan kwana, akawun ofishin jarrabawa da ma'aikatan asibitin makaranta, ba kasafai ake tuna su ba in ana zancen kula da ɗalibi. A 2023 aka sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. A shekarar ce kuma aka cire tallafin mai, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabo. A 2024 aka buɗe asusun lamunin ɗalibai na NELFUND. Doka ta canza, rayuwa ta tsananta, sabuwar ƙofa ta buɗe, amma ɗan ƙauyen da bai saba da intanet ba yana bukatar wani a kusa da shi wanda ya san ƙofar, ya nuna masa.

Wannan ya fi shafar yankinmu fiye da yadda ake zato. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote da ke Wudil, wadda ta fara ɗaukar ɗalibai a 2001, da Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, sun kawo karatun digiri kusa da Gaya da Ajingi da Albasu. Da yawa daga cikin masu shiga su ne na farko a gidajensu. Ɗan malamin jami'a in ya rikice, yana da wanda zai tambaya a falon gidansu. Ɗan manomi ba shi da kowa sai ma'aikacin da ya tarar. Saboda haka jami'ar da ta bar kulawa ga halin kowane ma'aikaci, ba tsaka-tsaki ta tsaya ba. Ta bar ɗalibi ga sa'a, kuma wanda ya zo da ƙaramin jari shi ne sa'a take fara kayarwa. A nan nake ganin laifin ya tashi daga kan mutum ɗaya ya koma kan hukuma.

Ba ina cewa a mayar da malami likita ba. Mafi amfanin abin da horo na gari zai koya masa ma shi ne iyakarsa: inda nasiha ta ƙare, inda za a kira asibiti, da yadda ake riƙe sirri, don kada damuwar ɗaliba ta zama hirar ɗakin malamai. Kuma zalunci ne a ɗora wa mutum nauyin ɗalibai ɗari uku, a ƙi lissafa wannan aiki a ƙarin girmansa, sannan a tura shi bita a ce ya koyo tausayi. Horon da bai zo da lokaci da ofis mai ƙofa ba, ƙarin kaya ne a kan jakin da ya riga ya durƙusa.

Abokina yanzu yana noman gero da gyaɗa, ranar Juma'a kuma yana dillanci a kasuwar shanu ta Wudil. Ƙaninsa ya samu gurbin karatu a bana. Da na je yi musu murna, ya raka ni har bakin hanya, yana ta tambayata abin da yaron zai yi in wani abu ya taso, da ofishin da zai fara zuwa. Na rubuta masa a bayan takardar rajista: jingine karatu, ofishin harkokin ɗalibai, asibitin makaranta. Ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba.