Birane shida, hannu ɗaya

Yayana da ya yi karatu a Faransa ya bar mana wata tsohuwar kwamfuta a gida, Atari 800XL, irin wadda ta fito a 1983, wadda ake jona wa akwatin talabijin. Ta daɗe cikin adaka, ƙura ta lulluɓe ta, sai kwanan baya na fiddo ta, na tarar tana aiki. Cikin kayanta akwai ɗan kaset na wasan harbi mai suna Missile Command. Na zauna da niyyar rage dare, na tashi da wata tambaya da ta hana ni sakat.

Ga yadda wasan yake. A ƙasan allo akwai birane shida a jere, da sansanin tsaro a tsakiyarsu. Daga sama makamai masu linzami suna saukowa, kowane yana jan zare a bayansa, wani kuma ya rabu gida-gida kafin ya iso. Aikin mai wasa shi ne ya tare su a sararin sama, kuma ba inda makamin yake zai auna ba, sai inda zai kai. Harsasansa ƙididdigaggu ne. Ba ya ganin abokin gaba, ba ya iya rama hari, ba ya cin ƙasar kowa. A wasan nan kuma ba a cin nasara. Duk zagayen da aka tsallake, na gaba ya fi shi sauri, har birni na ƙarshe ya faɗi.

Ba kuskure ba ne, haka aka nufa. Wani Ba'amurke mai suna Dave Theurer ne ya tsara shi a kamfanin Atari, ya fito a 1980, lokacin da yaƙin cacar baka tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet ya sake zafi bayan shigar sojojin Sobiyet Afganistan a ƙarshen 1979. Da farko biranen shida na jihar Kalifoniya ne, irin su San Faransisko da Los Anjalis, daga baya aka cire sunayen. Theurer ya ƙi yarda mai wasa ya zama mai kai hari, ya tsayar da shi a kan tsaro kawai. Ya kuma ba da labarin cewa ya sha farkawa cikin dare da mafarkin bam ɗin nukiliya yana faɗa wa yankin da yake zaune.

To, mai karatu, ga inda gizo ke saƙa. Da farko nakan yi ƙoƙarin kare biranen duka shida, hannuna yana kai da komo, in rasa su a ɗan lokaci. Da na fara gwanancewa sai na gane cewa taura biyu ba ta taunuwa: wanda yake son ya daɗe, sai ya zaɓi birni ɗaya ko biyu kusa da sansani, ya tattara harsasansa a kansu, ya kau da kai daga sauran. Makina ya ƙaru. Tambayar ita ce: wannan hikima ce ko cin amana?

Mai cewa hikima ce yana da hujja. Tilas ba ta rasa ɗakin kwana. Likitan da majinyata suka fi magungunansa yawa, da mai rabon hatsi a shekarar fari, duk sun san wannan zaɓi, kuma wanda ya ƙi zaɓa don kada hannunsa ya ɓaci, sau da yawa yakan rasa kowa da kowa. Tsarkin da ake saye da rayukan wasu ba tsarki ba ne, son kai ne ya yafa mayafin tausayi. Haka kuma sanin cewa ƙarshen abu faɗuwa ne bai sa tsaronsa ya zama banza ba, domin duk likita ya san majinyacinsa zai mutu wata rana, bai kuwa ajiye allura ba.

Na yarda da wannan duka, amma ban tsaya nan ba, saboda abin da na lura da shi a kaina. A daren farko, da na bar birnin gefen hagu ya ƙone, sai da gabana ya faɗi. A dare na biyar ko kallonsa ban yi ba. Ya daina zama birni a idona, ya koma wurin da ba a ɓata masa harsashi. Sabo turken wawa. A ganina laifin ba a zaɓin yake ba, yana cikin wannan sauƙin da zaɓin ya yi. Mutumin da tilas ta sa ya bar wani, yana kuma jin nauyin abin, gobe zai nemi hanyar da tilas ɗin ba za ta komo ba. Wanda ya daina jin nauyin, shi ne zai fara kiran son ransa tilas, ya riƙa barin na gefe tun kafin wuta ta taso.

Shi ya sa nake ganin cire sunayen biranen ya bar wa mai wasa aiki a hannunsa. Yanzu kafin in kama sandar sarrafawa nakan ba kowane birni sunan garin da na sani, inda nake da dangi ko aboki. Har yanzu ina zaɓa, domin wasan bai ba ni wata hanya ba, makina ma ya ɗan ragu. Amma na koma kallon gefen hagu.