Birki Ya Yi Tauri, Mu Kuma Mun Yi Shiru

'Yan'uwa, akwai lokacin da direba ba ya ɗaukar fasinja sai ya gaisa da motarsa. A zamanin da Fijo 504 ke fitowa sabuwa dal daga Kaduna, tsohon direba kan buɗe bonet da asuba, ya duba ruwa da baƙin mai, ya leƙa man birki, sannan ya zauna ya taka ya ji abin da ƙafarsa za ta gaya masa. Yaron mota na tsaye yana kallo, a haka yake shekaru kafin a miƙa masa sitiyari. Yau kuwa da ɗanmu ya iya juya mota sai mu ba shi makulli muna murna. Mun koya masa tafiya, ba mu koya masa tsayawa ba, don yawancinmu ma ba mu san abin da ke tsayar da motar ba.

In ka buɗe bonet, daidai gaban direba, jikin bangon da ya raba inji da cikin mota, za ka ga wata baƙar tukunyar ƙarfe, masta birki da robar mansa na ɗaure a gabanta. Ita ce busta. A cikinta akwai faffaɗar roba da ta raba ta gida biyu, ga tiyo ya haɗa ta da inji. Injin fetur, wajen zuƙar iskar da yake sha, shi ke tsotse iskar cikin tukunyar, mai dizal kuwa famfo aka yi masa don wannan aiki. Da ka taka birki sai iskar waje ta shiga ɓangare guda ta tura robar, ƙarfin ƙafarka ya ninku. Shi ya sa dattijuwa ma kan tsayar da mota mai nauyin fiye da tan ɗaya ba tare da wani yunƙuri ba.

Sau da yawa busta kan yi kashedi kafin ta mutu. Birki zai yi tauri, sai ka sa ƙarfin cinya, motar kuma ta wuce inda ka nufa ta tsaya. Za ka ji hucin iska ƙarƙashin ƙafarka in ka taka, alamar robar ta yage ko tiyo ya tsage. Wani lokaci inji kan yi karkarwa ko ya mutu da ka taka birki a danja, don iskar da ba a auna masa ba tana shigar masa. Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce ta ɓoye: man birki na raguwa, babu ɗigo a ƙasa, ashe masta ne ke yoyo cikin busta yana cin robarta. Iyayenmu da sun ji ɗaya daga cikin waɗannan sun ajiye mota. Mu sai mu ƙara sautin rediyo, mu ce a lallaɓa zuwa ƙarshen wata.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, abin ya ƙara ciwo. Wani direba kan kashe inji a gangara don ya rage shan mai, alhali da inji ya mutu, taki biyu ko uku ne suka rage a busta, daga nan birki ya koma dutse. Ka tuna gangara irin ta Hawan Kibo, ka tuna mota cike da mata da yara. Ban ɗora wa direba shi kaɗai ba. Mai mota na jiran balas, ba ya son jin zancen gyara. Mu fasinja muna ji inji ya yi shiru, mu ma mu yi shiru, don kada a ce mun cika tsoro. In an kai ga gyaran, tsohuwar busta mafi araha muke nema, mun manta araha ba ta ado. Bayan haɗari ya faru mu ce ƙaddara ce, alhali tawakkalin da aka koya mana bai hana ɗaure raƙumi ba.

Hukumar kiyaye haɗurra tana nan tun 1988, amma ba za ta kwana a ƙofar gidan kowa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gobe da safe, kafin ka kunna mota, kira ɗanka ya zauna a kujerar direba. Ya taka birki sau biyar ko shida har ya yi tauri, ya bar ƙafarsa a kai, sannan ya tayar da inji. In busta lafiya take, zai ji birkin ya ɗan nutse ƙarƙashin ƙafarsa. In bai motsa ba, kada motar ta kai yara makaranta ranar. A kira makanike, a ce ya fara da tiyon da ɗan bawul ɗin da ke bakinsa, don sau da dama ɓarnar a nan take.