Shawara Taka, Asara Tawa: Amanar Malamin Gona

Akwai tambayar da ba kasafai muke yi ba idan ana zancen malamin gona, wato idan shawararsa ta ci tura, wa ke ɗaukar asarar? Shi dai ma'aikaci ne mai albashi. Damina ta yi albarka ko ta yi gardama, yana da abin da yake jira a ƙarshen wata, ko da bai taka kara ya karya ba. Manomi kuwa abincin iyalinsa na shekara guda ya ɗora a kan maganar da aka faɗa masa a gindin bishiya. Ke nan mai ba da shawara daban, mai kwana da yunwa daban.

Tarihin aikin gona a ƙasar Hausa ya isa ya haska mana nauyin wannan magana. Tashar binciken Samaru, wadda aka kafa a 1922, ta daɗe tana koyar da cewa a shuka amfani iri ɗaya a gona, a kuma shuka auduga da wuri. Manoma suka ci gaba da haɗa gero da dawa da wake, suna jinkirta auduga sai sun gama da hatsi. Aka ɗauki wannan a matsayin taurin kai. Sai da David Norman da abokan aikinsa na Jami'ar Ahmadu Bello suka zauna da mutanen ƙauyukan Zariya daga wajejen 1965, sannan ta bayyana cewa haɗa shuka dabara ce ta rage asara, domin idan wannan ya ƙi, wancan ya yi. Annobar kuturtar gyaɗa ta 1975 ta ƙara tabbatar da haka ga duk wanda ya dogara da amfani ɗaya. Ashe mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

To, shin sai malamin gona ya kame bakinsa don gudun alhaki? Ko kusa. Shirye-shiryen raya aikin gona da aka fara a Funtuwa da Gusau da Gombe a 1975 sun kai ingantaccen irin masara da takin zamani ƙauyuka, har masara ta tashi daga shukar bayan gida ta cika gonaki. Malaman gona ne suka bi hanyoyin burji a kan babur suka kai wannan ilimi. Wanda ya san magani ya ɓoye shi, shi ma ya ci amana.

A ganinmu, amanar tana da fuska uku. Ta farko, ya faɗi aibin abu kamar yadda yake faɗin amfaninsa: irin nan yana da yawan yabanya, amma in taki ya yi tsada ko ruwa ya ɗauke, zai kunyata mai shi. Ta biyu, ya nemi a gwada a ɗan gefen gona kafin a ba shi gona duka, domin gani ya kori ji. Ta uku ita ce mafi ɗaci, wato ya koma ofis da gaskiya. Ƙarin girmansa na rataye da rahoton da ke cewa manoma sun karɓi sabon tsari, alhali wani lokaci abin da ya gani da idonsa shi ne tsarin bai dace da su ba. Idan ya rubuta abin da manyansa ke son ji, kuskuren zai dawo baɗi a kan wani ƙauyen.

Wannan ma'auni bai tsaya a kan malamin gona kaɗai ba. Takwaransa da ke koyar da aikin gona a makarantar ƙauye, wanda ke tura yaro noman gonar makaranta don horo, ya koya masa cewa fartanya hukunci ce, kuma yaron ne zai rayu da wannan darasi. Mu ma da ke tsaye gaban allo a jami'a muna ba da shawarar da wasu ne za su ɗanɗana sakamakonta. Ya kamata kowannenmu ya tambayi kansa kafin ya buɗe baki: da rumbuna ne, zan yarda a gwada wannan a kansa?